Jinin Lindsay da Lemun Noelene

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Lindsay Penhall a zamanin ƙarfinsa ba zai manta ba. In ya kama hannunka sai ya matse har ka ji ƙasusuwa suna ƙara, yana kallon ƙwayar idonka yana murmushi, shi a ganinsa girmama ka yake yi. Mai askin tumaki ne, ɗan mai askin tumaki, haifaffen garinmu Wirrabilla. Dogo ne siriri, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda sunkuyo a kan dabba, tunkiya ɗari da hamsin a yini kuwa ba ta ɗaga masa hankali. Magana ba ta dame shi ba, amma taurin kai an ba shi nasa an haɗa masa da na maƙwabta.

Matarsa Noelene ce mai maganar gidan. Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin yanke hukunci, kuma duk ciwon da ke duniya tana da maganinsa a kabad ɗin kicin. A 1976, wajen haihuwar 'yarsu Kerryn, jini ya ɓalle mata. Leda bakwai aka ƙara mata kafin ta buɗe ido. Lindsay yana tsaye a barandar asibiti da kayan aiki a jikinsa, yana warin man gashin tumaki, ya tare wata nas ya tambaye ta jinin wa aka sa wa matarsa.

Ta ce, “Na mutane.”

“Waɗanne mutane? Ina so in je in gaishe su.”

“Mutane dai. Mu ma ba mu san su ba.”

Wannan amsa ta zauna masa a rai. A ce akwai mutum bakwai a wani wuri da suka ceci matarsa, kuma ba zai taɓa matse hannun ko ɗaya daga cikinsu ba! Wata biyu bayan nan, da motar karɓar jini ta tsaya a gaban zauren gari, shi ne na farko a layi.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Duk wata uku zai yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya je ya naɗe hannun riga ya kwanta. In an gama ya sha shayi, ya ci biskit biyu, ya koma bakin aiki. Ba ya zancen da kowa. 'Yan bajojin da ake ba shi Noelene ce take tarawa a cikin kwalba. Sau uku kawai motar ta zo ba ta same shi ba, bayan babban farin 1982, lokacin da tumaki suka ƙare a yankinmu, ya bi abokansa Wales ta ƙasar Biritaniya suka yi aski can shekara uku a jere, wata uku-uku. Ya dawo yana cewa tumakinsu ƙanana ne, ruwan samansu kuma ba shi da kunya.

Waɗannan tafiye-tafiyen ne suka jawo masa. A watan Disambar 2000 ya je kamar kullum, sai matar da ke kan tebur ta karanta masa wata sabuwar tambaya: ko ya taɓa zama a Biritaniya har wata shida tsakanin 1980 da 1996? Ya ƙirga a yatsu ya ce tara ma. Ta ajiye biro. Ta ce saboda ciwon haukan shanu da ya ɓulla can, an hana karɓar jinin duk wanda ya zauna haka.

Ya ce, “Tumaki na je aski, yarinya, ba shanu ba.”

“Ka ci namansu ai.”

“Shekara goma sha biyar ke nan! Kin ga na yi kama da mahaukaci?”

“Ba ni na kafa dokar ba, Mista Penhall. Yi haƙuri. Ka tsaya ka sha shayi mana.”

Bai sha ba. Ya sauke hannun rigarsa, ya ɓalla maɓalli, ya fita. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma kunya ce ta fi yawa a ciki, kamar an ce masa shi ƙazami ne a gaban mutanen gari.

Shekaru biyar na farko lafiya lau. Daga baya gajiya ta fara kama shi, irin wadda barci ba ya warewa. Gaɓoɓin yatsunsa biyu, manuniya da na tsakiya, suka kumbura suna zugi. Fatarsa ta yi duhu kamar tagulla. Ba wanda ya damu, don a nan kowane mai aski yatsunsa a kumbure suke, kowane manomi kuma rana ta gasa shi. Noelene ce kaɗai ta ce akwai magana, kuma ta riga ta gano ta.

Ta ce, “Shekara ashirin da huɗu kana rabon jini kamar ruwan famfo, ka ɗauka ba ya ƙarewa? Jini ne ba ka da shi, tsoho. Buɗe baki.”

Ta sayo maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, baƙi mai kauri, irin wanda mahaifiyarta take ba su suna yara. Ta ware masa cokali guda, wani tsohon cokali mai lanƙwasasshen mariƙi, safe da yamma. Sau uku a mako kuma hantar rago da albasa. Yana ƙara gajiya tana ƙara cokali. Shekara shida tana yi, da zuciya ɗaya, ba ta taɓa fashi ba.

Abin da ya fi ci wa Lindsay rai shi ne gaisuwa. Hannun da ya saba murƙushe na mutane, yanzu ko yaro ya kama sai ya ji kamar an soka masa ƙusa. Sai ya koyi dabara: a kasuwar tumaki ko a ƙofar coci, kullum akwai abu a hannunsa na dama, in ba hula ba kofi, sai ya ɗaga kai kawai ya ce, “Yaya dai, mutumina?” Wasu suka ce girman kai ya shige shi da tsufa.

Asirin dabarar ya tonu a watan Nuwambar 2011, ranar da ya kai Noelene awon hawan jini wajen sabuwar likitarmu, Dakta Perera, 'yar asalin Sri Lanka. Ya bar hula a mota. Likitar ta miƙo hannu, ba yadda zai yi, ya ba ta, ya runtse ido. Ba ta saki hannun ba. Ta juya shi, ta latsa gaɓoɓin nan biyu, sannan ta ce ya ɗaga rigarsa.

Ya ce, “Ba ni ne mara lafiyar ba, Likita. Ni direba ne.”

“Na ji. Ɗaga dai, direba.” Ta dubi cikinsa. “Yaushe rabon wurin nan da ganin rana?”

Noelene ta ce, “Tun kafin a haife ki.”

“To me ya sa shi ma ya yi duhu?”

Bayan mako guda sakamakon jini ya dawo. Lokacin girbi ne, ta tagar ofishinta ana hango motocin sha'ir sun yi layi a ƙofar rumbun gari. Likitar ta nuna masa su, ta ce jikinsa ma haka yake aiki. Ƙarfen da mutum yake samu a abinci ba ya yawo shi kaɗai a cikin jini, don ɓarna yake yi. Akwai wani sinadari da ake kira transferrin, shi ne motar dakonsa, kowace mota ɗauka biyu. Kowace ƙwayar jiki kuma tana da ƙofa da ta san wannan motar. In motar ta zo, ƙofar ta kama ta, ta shigar da ita ciki, a sauke kaya, a sako ta ta koma ɗauko wani. Ƙwayar da take buƙata sai ta ƙara ƙofofi, wadda ta ƙoshi ta rage.

Lindsay ya ce, “To ai wannan tsari ne mai kyau.”

“Mai kyau ne. Amma akwai mai awo a hanta, kusa da ƙofofin, wanda in ya ga motoci sun cika sai ya aika wa hanji a tsayar da lodi. Naka an haife ka da shi yana barci. Gado ne, daga uwa da uba, kuma ya yi yawa a cikin jikokin mutanen Cornwall ta Biritaniya irinku. Hanjinka bai taɓa jin an ce ya isa ba.”

“Motocin fa?”

“Na mai lafiya kashi ɗaya cikin uku ne ke da kaya. Naka duk sun cika maƙil. Abin da ya rasa mota yana yawo shi kaɗai, ba ya bin ƙofa, sai ya faɗa hanta, da zuciya, da gaɓoɓi, ya zauna yana cin wurin.”

Ya tambaya me ya sa bai kama shi tun yana saurayi ba. Ta ce jiki ba shi da hanyar zubar da ƙarfe sai ta jini. Da ta ji labarin motar karɓar jini sai ta jingina da kujera ta dube shi. Ta ce duk ledar da ya bayar ta fita da ƙarfe, ɓargo kuma ya jawo na ajiya don ya yi sabon jini. Shekara ashirin da huɗu yana yi wa kansa magani bai sani ba.

Can Noelene ta buɗe jaka, ta fito da kwalbar maganin ta ɗora a tebur.

Ta ce, “Wannan fa, Likita? Safe da yamma. Shekara shida.”

Likitar ta karanta. Ta ce ba shi ya kawo ciwon ba, amma ya ƙara masa gudu, kuma kada a sake. A mota Noelene ta yi kuka irin wanda Lindsay bai taɓa ji ba. Sai ya ce, “Hantar ragon dai tana da daɗi.” Ta kai masa duka a kafaɗa tana kukan.

Maganin kuwa bakinsa har kunne da ya ji shi: a riƙa ɗibar masa leda guda duk mako har shekara ɗaya ko fiye, daga nan duk wata uku. Hantarsa ta fara tabo, amma in an fara yanzu za ta tsaya a nan. Ranar Alhamis ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, ya je ɗakin shan magani wajen Sista Glenys, wadda suka yi firamare tare. Da ledar ta cika ya ga ta ɗauke ta, ta taka murfin wani kwandon shara mai ruwan ɗorawa, ta jefa.

Ya tashi zaune. “Glenys! Me kika yi?”

“Ƙonawa ake yi, Lindsay. Dokar Biritaniyar nan tana nan, ba wanda za a sa wa.”

“Ashe shara kika ɗiba.”

“Kwanta kafin jiri ya kwashe ka, ɗan rigima.”

Bai koma ba. Mako ɗaya, biyu, har shida. Likita ta buga waya ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in tabon hanta ya yi nisa ba ya komawa, ya ce ya gode. Kerryn ta taso daga Adelaide ta yi masa tatas, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ni a ganina wauta ce tsagwaronta, mutum ya zaɓi mutuwa saboda kwandon shara. Amma shi ya san bayarwa ne kawai, bai iya kwanciya a yi masa abu don kansa ba, kuma ganin jininsa a shara ya tayar masa da tsohuwar kunyar nan.

A bayan gidansu akwai bishiyar lemun tsami da Noelene ta dasa shekarar da mahaifiyarta ta rasu. Ƙasarmu farar ƙasa ce, ba ta son lemo. Ganyen bishiyar kullum rawaya, jijiyoyin ne kawai kore, in ta yi ƙoƙari ta ba da 'ya'ya biyar. Wata safiya Noelene ta kira shi wurin, ta tsinko ganye ta sa masa a tafin hannu.

Ta ce, “Ka san me ke damunta? Na ji a shirin lambu na rediyo. Ƙarfe ne ba ta samu. Kai ya yi maka yawa har zai kashe ka, ita tana mutuwa da rashinsa, kuna gida ɗaya.”

“To in yi mata me?”

“Takin jini da ƙashi nawa muke saya a buhu? Ga naka kyauta kana barin Glenys tana ƙonawa.”

Ya daɗe yana juya ganyen. Ranar Alhamis ya ɗauki ƙaramar kular da yake kai abinci wurin aski ya sa a a-kori-kurarsa. Glenys, wadda Noelene ta riga ta gama da ita a waya, ta ajiye ledar a kan tebur ta juya baya tana wanke hannu.

Ta ce, “Ni ban ga komai ba. In ka gaya wa wani, allura mai kauri zan riƙa sa maka.”

Haka aka shiga yi. Duk Alhamis ya dawo ya haƙa rami mai zurfi a gefen bishiyar saboda karnuka, ya juye jinin, ya rufe, ya ba ta ruwa. Kafin watan Satumba sababbin ganye suka fito kore shar. Lindsay da ba ya magana ya zama mai surutu. Duk wanda ya shigo gidan sai an kai shi ya gani. Gajiyarsa ta ragu, fatarsa ta fara washewa, amma in ka tambaye shi lafiya sai ya ba ka labarin lemo.

Wata Alhamis a watan Oktoba, ƙarfe tara da rabi, ya shiga rumfar kayan aiki neman igiya. Ya ture gwangwanayen fenti, sai ga wani gwangwani a bayansu da bai sani ba, an juya rubutunsa yana kallon bango. Ya juyo shi. Garin ƙarfe ne na bishiyar lemo, irin wanda ake damawa a ruwa, an yi amfani da fiye da rabi. A ciki kuma ga cokalin nan mai lanƙwasasshen mariƙi.

Ya kifa bokiti ya zauna. Ashe ba jininsa ba ne ya gyara bishiyar. Wata tara yana haƙa rami yana cika baki a gari, ita tana bin bayansa da cokali. Ya ji an mayar da shi yaro, zuciyarsa ta yi zafi, ya ce a ransa yau ba inda za shi, Glenys ta yi ta jira.

Ta ƙofar rumfar yana hango Noelene tana shanya. Ba ta san yana ciki ba. Ta rataya riga, ta duba agogon hannunta, ta dubi motar da ke tsaye. Ta ɗauki wata rigar, ba ta rataya ba, ta sake duba agogo. Sai ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a ƙirji tana kallon motar, fuskarta ba irin wadda take nuna masa ba. Shekara talatin da takwas suna tare, bai taɓa ganin tsoro ƙarara a fuskarta haka ba. Ya gane haka take duk Alhamis, har sai ta ji tashin mota. Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda fushin ya shiga.

Ya mayar da cokalin, ya rufe gwangwanin, ya ajiye shi yadda ya same shi, rubutu yana kallon bango. Ya fito yana kaɗe wando.

“Ina kular nan, tsohuwa? Za ki sa in makara.”

“Tana inda ka bar ta, sai ka ce ni ce mai gadinta!”

Shekara goma ya ƙara yana zuwa, bai taɓa fashi ba. Hantarsa ta tsaya inda take. Yatsun dai ba su warke ba, dole ya ajiye aski, ya koma gyaran shinge da rainon jikoki. Bishiyar ta yi ta zuba 'ya'ya har Noelene tana ajiye kwali a bakin ƙofa kowa ya ɗiba.

A watan Yulin 2022 Glenys, wadda ta riga ta yi ritaya, ta bugo waya tana ihu kamar gobara: an janye dokar. Da motar ta zo a watan Satumba, Lindsay yana da shekara saba'in da ɗaya, ya sa riga mai kyau, ya kai takardar likita, ya naɗe hannun riga. Ya bi ledar da ido har aka manna mata lamba aka sa ta a firji. Ya sha shayi, ya ci biskit biyu, ya nemi na uku.

Da ya dawo Noelene tana zaune a baranda tana ɓare wake. Ta dubi hannunsa, bai riƙo kular ba.

Ta ce, “To, ka samu abin da kake so. Lemona fa? Sai ya mutu ke nan?”

Ya zauna kusa da ita yana cire takalmi. “Gwangwanin bayan fenti zai ishe shi. Ranar Talata na sake cika shi.”

Hannunta ya tsaya a cikin kwano.

“Tun yaushe?”

“Tun shekarar farko.”

“Ni kuwa ina ta cewa gwangwanin nan akwai auki.” Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. “To da ka sani, me ya sa ka ci gaba da zuwa?”

“Na leƙo na gan ki kina duba agogo.”

Ta ajiye kwanon a ƙasa. Ya miƙa mata hannunsa na dama, wanda ya shekara goma sha biyar yana ɓoyewa a bayan hula. Ta karɓe shi da hannu biyu, a hankali, ta kauce wa gaɓoɓin nan biyu, ta riƙe.